Gudumar Kurma

An yi wani mutum a nan Mandabi, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna cikinmu. Kafintan jirgin ruwa ne. Shekara talatin ba a sayi tsohon jirgin katako mai tafiya da iska a gaɓar nan ba sai an kira shi. Idan ruwa ya janye, jirgi ya kwanta a yashi, sai ya zagaya shi da 'yar gudumarsa yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne. Katako mai lafiya amsawa yake ƙwal. Wanda tsutsar teku ta cinye cikinsa kuwa sai ya ce bus, ko da an shafe shi da farar ƙasa da kitse ya yi fes. Abin da mutumin nan ya faɗa, shi ke nan, an gama magana.

Sai Allah ya fara karɓar jinsa. Kunnen hagu ya tafi, na dama ya bi baya. Laifi ne wannan? Ko kaɗan. Wanda ya bayar ne ya karɓa. Laifin shi ne ɓoyewar da ya yi. Ya koyi kallon leɓen mutane. In an yi dariya ya yi, in an gyaɗa kai ya gyaɗa. Ya ci gaba da buga guduma a jikin jirage alhali ba ya jin komai sai girgizar hannunsa, duk don kada a ce da shi tsoho kurma a teburin mai shayi.

Ana nan sai Jusab, mijin 'yarsa Sharbanu, ya ga wani jirgi yana so ya saya. Wa zai kira in ba surukinsa ba? Aka taru da hantsi. Mutumin ya zagaya yana bugawa. A cikin 'yan kallo akwai Talab, wanda ya koyi sana'ar a hannunsa har ya zama kafinta mai cin gashin kansa.

Talab ya ce, "Maigida, sake buga katako na ukun nan daga ƙasa. Ban ji daɗin amsarsa ba."

Mutumin bai ji ba, domin a bayansa Talab yake tsaye. Sai da Talab ya dafa kafaɗarsa ya waiwayo, sannan ya maimaita masa. Mutumin ya duba ya ga idanu a kansa. Ya san abin da ya kamata: a kankare farar ƙasar a soka basilla, ko ya miƙa wa Talab gudumar. Aikin minti biyar ne. Amma in ya miƙa ta yau, wa zai kira shi gobe?

Ya ce, "Kai Talab, yaushe aka yaye ka? Ni na koya maka riƙon guduma, har yau kamar mai fasa kwakwa kake bugu." Aka kwashe da dariya.

Jusab ya ce, "Baba, in da shakka a kankare mu gani mana."

"Da na ba ka 'yata, Talab ka kira ya duba maka ita? Jirgi lafiya lau. Saya."

Ya 'yan uwa, shaidar zur ba a gaban alƙali kaɗai ake yin ta ba. Ga ta nan an yi a kan yashi, rana tsaka, ana dariya.

Jusab ya saya, ya yi lodin albasa, ya ɗauki mutum takwas suka nufi Maskat ta ƙasar Oman. Rana ta shida, babu hadari babu guguwa, katakon nan ya burma. Mutum biyu kaɗai masunta suka tsinta, riƙe da guntun katako. Babu Jusab a cikinsu.

Ranar da labari ya iso, mutumin yana teburin mai shayi, ya ba hanya baya, yana ba da labarin wani jirgi da ya taɓa kamawa da ruɓa. Kururuwar mata ta cika gaɓa. Kowa ya miƙe. Shi kuwa yana ta zuba yana dariya. A nan gari ya gane ya kurmance. Talab ya zo ya ajiye masa guntun katakon da aka dawo da shi kusa da kofinsa, duk huji kamar saƙar zuma.

Ba a sake kiransa ba, amma wannan ƙaramin abu ne. Da Sharbanu ta fita takaba ta zo ta durƙusa gabansa, ta yi magana mai tsawo, kanta a sunkuye, mayafi ya rufe bakinta. Ya ce, "'Yar nan, ɗaga murya, ba na ji." Karo na farko ke nan da ya faɗi haka a rayuwarsa. Ta tashi ta kwashe 'ya'yanta ta koma dangin mijinta. Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, har ya mutu bai san ko yafe masa ta yi ko Allah ya isa ta ja masa ba.

Kai da aka amince da idonka ko kunnenka ko saninka, ranar da abin ya gaza, faɗa. "Ban sani ba" ba ta taɓa nutsar da jirgi ba. Girman kai ya nutsar da mutum bakwai, ya bar mai shi a tudu yana numfashi.

Allah ka ba mu ikon ajiye guduma ranar da ta fi ƙarfinmu. Allah ya kiyaye mu, amin.