Mutumin da Bai Yarda da Ƙafar Matarsa Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, sahun gaba ma ba ya wuce shi. Aibinsa ɗaya ne: ba a faɗa masa abu. In ka ce masa hadari ya haɗo, sai ya ce ai tun jiya ya gani. In kuwa matarsa ce ta faɗa, sai ya ce ba hadari ba ne, hayaƙi ne.

Aikin ofis ya yi har ya yi ritaya. Abokansa suna kiransa Injiniya. Su da wasa suka fara, shi kuwa ya karɓa da gaske.

Aurensa ya daɗe, 'ya'ya sun girma sun watse. Amma igiya ɗaya ce ta rage tsakaninsa da matarsa. Ta farko ta tsinke ranar da ta ce masa hanyar da ya ɗauka ba ta ɓullewa, suka je suka tarar da bango. Ta biyu kuwa, gyara masa sunan wani magani ta yi a gaban baƙi. Duka sau biyun, manya ne suka shiga tsakani aka mayar da auren. Daga nan ta koyi yin shiru, shi kuma ya ɗauka ta gane cewa shi ke da gaskiya.

Yana da wata tsohuwar mota da ya gada wajen mahaifinsa, mai dogon hanci, kujerar gabanta guda ɗaya kamar benci. Da ya bar aiki sai ya tare a rumfar da take ajiye. Ya kankare tsatsa, ya sake fenti, ya goge ƙarfen gabanta har mutum yana iya gyara hularsa a ciki. Ni da tawa motar sai an tura take tashi, ba ni da bakin zagin mai son mota. Son mota ba zunubi ba ne.

Abin da ya rage shi ne birki. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da gajeren bututu da masu gyara ke kira masta. Yana ɗaure a bayan inji, daidai inda ƙafar direba take. In ka taka birki, wata roba da ke cikinsa ce ke tura mai ta siraran bututu zuwa tayoyi huɗu. A irin waɗannan tsofaffin motoci hanyar man ɗaya ce tak. In robar nan ta saki, tayoyin duka sun saki.

Tsohon mastan ya mutu. Mai kayan gyara ya miƙo masa sabo, ya ce ba ya so, ƙirar yanzu ce. Ya yi ta yawon shaguna har ya samo na asali, mai tambarin kamfanin, a cikin kwalinsa da ƙura ta rufe. Ba a taɓa ɗaura shi ba. Amma ya yi shekaru aru-aru a kan kanta, kuma roba tana tsufa ko ba ta yi aikin komai ba, kamar wasunmu.

Ya ɗaura shi da kansa, kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Ya shimfiɗa tsumma don kada man birki ya ci fenti. Ya kama bakin kowane bututu da yatsa tukuna kafin ya sa sifana. Ya ɗaure notuna, ya cika mai. Saura cire iska, wanda mutum ɗaya ba ya yin sa. Dole wani ya zauna yana taka birki, wani ya kwanta ƙarƙashin mota yana buɗe ɗan noti a bayan kowace taya, iska ta fita.

Wa zai taka masa? Maƙwabcinsa ya daina leƙowa tun ranar da ya ba da shawara kan fenti. Sai ya ƙwala wa matarsa kira.

Ta goge hannu, ta shiga, ta zauna a bakin kujera don ƙafarta ta kai. Shi kuma yana ƙasa, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki. Ke, na ce saki, ba barci ba."

Haka suka zagaye tayoyin, kumfa ta daina fita, mai ya fito garau. Yana tattara kaya, ita kuwa ba ta sauko ba. Ƙafarta na kan birkin, ta ɗora ta ne kawai a hankali.

"Malam," in ji ta, "abin nan tafiya yake yi fa."

"Ina za shi?"

"Ƙasa. In na ɗora ƙafa ban danna ba, sai ya riƙa nutsewa kaɗan-kaɗan har ya taɓa ƙasa."

"Ƙafarki ce ke rawa. Sauko, direbar tirela."

Ya shiga, ya ɗaga gwiwa, ya rafka wa birkin ƙafa da ƙarfin mai jin haushi. Birki ya tsaya kamar dutse. Ya sake rafkawa. Dutse.

"Kin gani?"

"Ba haka na yi ba. Ka ɗora a hankali ka jira."

"Yau kuma taka birki za a koya mini a gidana."

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Na tambayi masu gyara, don ni iyakar sanina a mota shi ne inda ake zuba mai. Suka ce tsohuwar roba haka take. In an doke ta da ƙarfi, sai bakinta ya buɗe ya manne da ƙarfe, ta riƙe. In an taɓa ta a hankali, sai mai ya silale ta gefenta, birki ya nutse. Wato shi ƙarfin ƙafarsa ne ke rufe masa aibin. Ita kuwa ba ta san sunan ko noti ɗaya ba, abin da ƙafarta ta ji kawai ta faɗa. Me zai rage masa in ya ɗora ƙafa a hankali ya jira kaɗan? Babu, sai dai ya zama ya yi abin da ta ce.

Suna da 'ya da ta koma sabon gida a ƙasan gari, ana bin wata doguwar gangara kafin a kai. Ya sa rana za su kai mata ziyara a motar, don surukinsa ya ga abin da ake kira mota. Da hantsi ya fito da ita ƙofar gida tana walƙiya, maƙwabta suka fito kallo. Matar ta fito da shirinta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shiga mu tafi."

"Ka yi haƙuri, Malam. Mu hau ta haya. Ko a kira mai gyara ya taka ya ji."

"A gaban mutane?"

"To mu koma ciki in faɗa maka."

"Ni na ɗaura abin nan da hannuna."

"Na sani. Ni kuma na taka shi da ƙafata."

Wani daga cikin masu kallo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Wannan tarin ne ya ƙarasa aikin. Mutumin ya riƙe ƙofar mota, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji: "In ba ki shiga motar nan yanzu ba, a bakin aurenki."

Ta san saura igiya nawa, shi ma ya sani. Ta dubi motar, ta dube shi. Ta ce, "Don girman Allah, kai ma kada ka shiga." Ba ta ɗaga ƙafa daga inda take ba.

Ya shiga, ya ja ƙofa, ya tafi.

A kan shimfiɗaɗɗen titi komai lafiya. Duk inda zai tsaya sai ya rafka birki yadda ya saba, mota ta tsaya cak, yana gyaɗa kai. Sai ya kai gangara. A gabansa akwai babbar mota ɗauke da rodi, tana sauka sannu a hankali. Wanda ke bin irin wannan a gangara ba ya rafka birki. Ɗora ƙafa yake yi a hankali, ya riƙe.

Ya ɗora, ya riƙe. Birki ya fara tafiya, kaɗan-kaɗan, har ya taɓa ƙasa.

Ya ɗaga ya rafka da dukan ƙarfinsa. Wannan karon robar ta yage gaba ɗaya. Ya ja birkin hannu, wayarsa da bai taɓa dubawa ba don ba a ganinta daga waje ta tsinke. Rodi na matsowa saitin fuskarsa. Ya murɗe sitiyari, ya kwashe teburin wani mai lemo, ya daki bangon gada.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Mai lemon ya tsallake. Ɓangaren da matar za ta zauna kuwa ya naɗe kamar takarda. Shi an zaro shi ƙirji a fashe, ƙafafu a karye, likitoci suka ce tafiya sai dai a kujera mai taya. Motar da ya yi shekaru yana gogewa, masu sayen ƙarfe suka ɗora ta a sikeli.

Dangi suka je wajen malamai ko akwai wata ƙofa. Aka ce babu. Magana ta fita a gaban shaidu, kuma ita ce ta ƙarshe. Matar ta kwashe kayanta ta koma wajen 'yar.

Masu zuwa dubiya ya riƙa gaya musu cewa waɗanda suka yi titin ne ba su iya aiki ba, gangarar ta yi tsayi. Suna cewa haka ne, don ba a musu da mara lafiya. Sai wata rana 'yarsa ta kawo masa abinci, ɗakin ba kowa. Ya ɗanɗana, ya gane hannun da ya dafa.

"Me uwarki ta ce?"

"Ta ce Allah ya ba ka lafiya, Baba."

"Ba ta ce ai ta faɗa mini ba?"

"Ba ta ce ba."

Ya ajiye cokali, ya juya fuska bango. 'Yar ta ce daga baya, da uwar ta faɗa ɗin, da ya sami abin musu.

Ya 'yan uwa, malamai sun koya mana cewa girman kai ba kyan riga ba ne, ba kyan mota ba ne. Girman kai shi ne gaskiya ta zo maka ka ƙi ta saboda ka raina bakin da ya kawo ta. Mutumin nan an yi masa gargaɗi a cikin gidansa, kyauta, da murya mai taushi, har sau biyu. Da baƙo ne ya faɗa, wataƙila da ya duba.

Kowannenmu akwai wanda ya daina saurara tun kafin ya buɗe baki: mata, ƙane, ɗa, ko wanda ke aiki a ƙarƙashinsa. Na ga wasunku suna murmushi suna tuna wani maƙwabci. Ni ma da na fara jin labarin, surukina na tuna. Ba don su aka ba da shi ba. In an faɗa maka abu yau a gida, kada ka gwada shi da ƙarfinka. Gwada shi yadda aka ce ka gwada, ka ɗan jira, ka gani.

Allah ya raba mu da girman kai, ya ba mu kunnen jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyalanmu daga harsunanmu. Amin.