Sarkin da Ya So Rumbu Ɗari

An ce wani sarki aka taɓa yi a wata ƙasa mai gero da dawa, yana da rumbu sittin a bayan fadarsa, kuma bai taɓa jin sun yi masa kaɗan ba sai ranar da wani madugu ya yada zango a garin. Madugun ya zo gaisuwa, aka kawo masa fura, yana sha yana ba da labarin ƙasashen da ya ratsa. Cikin hira ya ce, "Sarkin gabas kam mai arziki ne, rumbunsa ɗari cif." Ya ajiye ludayi, ya yi sallama, ya kama hanyarsa. Shi ya ma manta ya faɗa. Sarki kuwa daga ranar tuwo ya daina yi masa daɗi.

To, al'adar garin ita ce, da damina kowane magidanci sai ya yi noma a gandun sarki tun da safe har azahar. Da an kira azahar, sauran yinin nasa ne, sai ya wuce gayaunarsa, wato 'yar gonar kansa wadda da ita yake ci da iyalinsa. Sarki ya tara fadawa, ya ce su gaya masa yadda sittin za ta zama ɗari. Aka yi ta kame-kame, har Waziri ya ce, "Ya sarki, ƙasa ba ta ƙare ba, hannuwa ne suke tashi da wuri. A bar mutane a gandu har faɗuwar rana." Sarki ya ce madalla, jibi ranar kasuwa a yi shela.

Maganar ba ta jira jibi ba. Kafin la'asar ta kai bakin rijiya, daga can ta shiga gidan wani tsoho ana ce masa Cindo, saboda yatsa shida da yake da su a hannun dama. Shi ne maginin rumbu na garin. Rumbunan sarkin nan, rabi ubansa ya gina, rabi shi.

Matarsa Tasalla ta sauke tulu ta ce, "Malam, ka ji abin da ake faɗa?"

Ya ce, "Na ji."

"Ka ji, kuma kana zaune kana gyaran ƙotar fartanya. In an ƙwace yamma, waken nan da geron nan wa zai nome mana? Aljanu?"

"Sai dai ke."

"Da wannan gwiwar? Ai kafin in kai ƙarshen kunya ɗaya ciyawa ta sake fitowa a farkonta."

Cindo ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya san gaskiya ta faɗa. Gayaunar da ba a nome ba, kwana goma ya isa ciyawa ta shanye ta, kuma duk gidan da ke garin haka zai kasance.

Washegari da safe dogari ya zo, wai sarki na kira. Tasalla ta bi shi har zaure tana cewa, "Don Allah in ka je, duk abin da aka faɗa ka ce to. Na san bakinka."

"Ni da ba na magana?"

"Ai shi ne abin tsoron. Shekara guda kana shiru, rana ɗaya ka buɗe baki ka ja mana."

Gaisuwar fada doguwa ce, a bar ta. Cindo ya faɗi ya yi ta, ya zauna a inda aka nuna masa.

Sarki ya ce, "Magini, rumbu arba'in nake so da zarar ruwa ya ɗauke. Ɗaya kwana nawa yake ɗaukar ka?"

"Ya sarki, kwana goma sha biyu."

"In ka yi aiki har faɗuwar rana fa?"

"Kwana goma sha biyar."

Fadawa suka dubi juna. Sarki ya ce, "Ƙarin aiki, ƙarin kwana?"

"Allah ya ba ka nasara, laka ba ta karɓar fiye da kamu biyu a yini. Sai an bar ta ta sha rana ta yi ƙarfi kafin a ɗora mata wata. In na matsa mata da yamma, da safe in tarar da ita a ƙasa. Kwana ukun na kwashe ɓaraguzai ne."

Wani bafade ya toshe baki da hannun riga. Sarki bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai naka rumbun nawa ne?"

"Ɗaya."

"Ka tsufa kana gina wa mutane rumbu, naka ɗaya. Talaka ke nan."

"A'a, ya sarki. Shekara tara ke nan ina cikin masu arziki."

"Da rumbu ɗaya?"

"Mu magina muna shiga gidan kowa, muna leƙa rumbun kowa. A wurinmu mai arziki shi ne wanda sabon hatsi ya zo ya tarar da tsoho a rumbunsa, ko da dami ɗaya ne. Wanda ya share gindin rumbu tun kafin gero ya nuna, shi ne talaka, ko rigarsa ta alharini ce."

Sarki ya gyara zama. "To ni fa?"

"Kai ka wuce nan tun ina da baƙin gashi. Abin da ake ƙarawa yanzu ba kai ake ƙara wa ba."

"Wa ake ƙara wa?"

Nan Cindo ya ji muryar Tasalla a kunnensa, ka ce to. Ya kusa cewa to ɗin. Sai ya tuna waken da ya fara yaɗo a gayaunarsa, ya ce, "Ya sarki, akwai wata runduna a bayan gidanka. Ba su taɓa riƙe fartanya ba, ba su taɓa zuwa gaishe ka ba, sun kuma fi kowa cin geronka. In aka yi shelar gobe, su za a yi wa noman yamma."

Ma'ajin hatsi, wani mai suna Barmo, yana zaune a gefe. Gumi ya karyo masa nan take.

Sarki ya ce, "Ɓarayi?"

"Ba su tsallaka katanga ba. A ciki aka haife su."

Sarki ya miƙe tsaye, kowa ya miƙe. "Taso ka nuna mini su. In na gan su, zan saurare ka. In ban gan su ba, shela tana nan, kuma gayaunarka ce za ta fara shiga gandu, yau ɗin nan."

Aka ɗunguma bayan fada. Cindo yana gaba, yana bin rumbunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa cikinsu da bayan yatsu, yana kara kunne. Wannan ɗabi'arsa ce tun yana saurayi. Duk lokacin da aka kira shi gyaran yaɓe sai ya ƙwanƙwasa, ya kuma daɗe yana jin abin da yake ji, sai dai ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya tsaya a gaban wani babba daga cikin na ubansa, ya ce, "Wannan."

Aka kafa tsani. Barmo ya hau, ya ɗage jinkar da ta rufe bakin rumbun, ya zura hannu. Da ya zaro sai ga damin gero lafiyayye, zangarniya cike da ƙwaya, tana sheƙi a rana. Ya zaro na biyu, haka. Na uku ma haka.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, rundunar magini ta tafi yaƙi ne, da alama."

Aka yi dariya. Cindo ya dubi geron da aka zaro. Ya ce a ransa, ko kunnen ne ya tsufa ban sani ba? Ya hango gayaunarsa, ya hango fuskar Tasalla. Sai ya durƙusa, ya sake ƙwanƙwasawa can ƙasa kusa da duwatsun da rumbun yake zaune a kai. Rumbun da damin cikinsa yake da lafiya yakan amsa, domin akwai iska a tsakanin zangarniya. Wannan bai amsa ba. Kamar ka bugi tarin toka.

Ya ɗaga kai ya ce, "Barmo, yaushe rabonka da ganin gindin wannan rumbun?"

Barmo ya ce daga kan tsani, "Ban taɓa gani ba. Ba a ɗiba a nan, na bakin ƙofa ake ci."

"Amma wannan geron na bara ne."

"Na bara ne. Duk kaka in na leƙa sai in ga ya sauka kamu biyu ko uku, sai in sa a cika shi."

"Da yake sauka, ina yake zuwa?"

Barmo ya ce, "Na ɗauka kwanciya yake yi."

Cindo ya juya ga sarki. "Ya sarki, a ba ni izini in fasa aikin ubana."

Sarki ya ɗaga hannu, aka miƙo gatari. Cindo ya yi bismillah, ya sara sau uku a gindin rumbun. A na uku lakar ta ɓalle, wani gari mai launin toka ya kwararo kamar ruwa ya fasa kunya. Wari ya tashi. Garin ya yi ta zuba, yana motsi da kansa, saboda ƙananan baƙaƙen ƙwarin da suke tafasa a cikinsa. Fadawa suka ja da baya suna kaɗe riguna. Sarki bai motsa ba, yana tsaye har garin ya rufe masa takalma.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Su ke nan?"

"Su ke nan, ya sarki. Da 'ya'yansu da jikokinsu."

"Sauran fa?"

Cindo ya bi layin yana ƙwanƙwasawa, duk wanda bai amsa ba sai ya aza masa tsakuwa a gindi. Da ya kai ƙarshe aka duba, rumbu ashirin da uku ne masu tsakuwa.

Sarki ya juya ya dubi Barmo, dogarai suka matso. Cindo ya yi sauri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da aka sa shi ya yi. Kullum ana ce masa a cika, ba a taɓa ce masa a kwashe ba."

Sarki ya yi wa dogarai alama su koma. Ya nemi wani dutse ya zauna a kai, ba shimfiɗa, ba komai. Ya ce, "Magini, ashe ƙarin aiki banza ne?"

"A'a, ya sarki. Shekarar da fara ta zo, rumbuna ya ƙare tun kafin shuka. Na yi noma har ba na ganin kan fartanya, na kuma yi ƙodago a gonakin mutane, ban taɓa nadama ba, don cikin 'ya'yana abin ya shiga. In baki yana jiran hatsi, ƙarin aiki ya biya. In hatsi ne yake jiran baki shekara goma, to ga masu shi nan a kan takalminka."

Sarki ya dubi ƙafafunsa. Sai ya yi wata 'yar dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya daga ka. Ya ce, "Kwana bakwai ba na jin daɗin tuwo saboda rumbu arba'in da ba ni da su, ashe ashirin da uku daga cikin nawa ma ba nawa ba ne. Waziri."

"Ranka ya daɗe."

"A fasa waccan shelar. Azahar tana nan inda take. Daga yau tsohon hatsi za a fara ci, abin da fada ba za ta iya ci ba kafin ya lalace a fitar wa waɗanda rumbunsu ya ƙare. Kowane rumbu a ga gindinsa duk bayan shekara uku."

Cindo ya yi hamdala a ransa. Sai a lokacin ya ji hannunsa yana zafi wurin da gatari ya goge shi.

Sarki ya ce, "Kai kuma ka dawo fada da zama. Zan ba ka gida da riguna, ka riƙa duba mini rumbu safe da yamma."

Daidai nan ladan ya kira azahar. Cindo ya faɗi ya yi godiya, ya ce, "Ya sarki, safe kam naka ne, duk ranar da ka so. Amma an kira azahar, kuma wakena yana jira."

Waziri ya zaro ido. Sarki kuwa ya ce, "Ku ba mai arziki hanya."

Tasalla tana tsaye a bakin zaure tun safe. Da ta hango shi, riga duk gari, ta ce, "Ka ce to?"

"Na kusa."

"Na shiga uku. Me ka yi?"

"Na fasa rumbun sarki."

Ta dafe bango. Ya ce, "Miƙo mini fartanya, Tasalla. Yamma tamu ce." Ta dube shi, ta ga ba wasa yake yi ba, sai ta zauna a dokin ƙofa tana dariya tana share ido da bakin zane.

Ranar kasuwa mai shela ya fito, mutane suka taru zukata a tsinke, sai suka ji wata magana daban da wadda suka zo ji. An ce rumbun da aka fasa, sarki ya hana a toshe shi, ya bar shi da raminsa har ƙarshen mulkinsa. Duk baƙon da ya zo yana ba shi labarin dukiyar wani sarki, sai ya kai shi bayan fada ya nuna masa ramin, ya ce, "Adalcin sarki daga nan yake farawa, kada ya karɓi yammacin talaka ya ba ƙwaro."