Tsohuwar da Ta Ce Ba Ta da Kowa

Akwai wani babban lauyan gwamnati a birninmu na bakin teku, nan Japan, sunansa Kuramochi Naotake. Shi ne mai gabatar da ƙara a kan laifuffukan unguwannin da ke kewaye da babbar tashar jirgin ƙasa.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa, kada a ce tsanarsa na yi. Mutumin ya san aiki. Kafin zuwansa, mace ba ta bi ta bayan tasha sai ta rungume jakarta a ƙirji. Cikin shekara uku ya watsa 'yan sane, ya rufe gidajen cacar ɓoye, ya sa aka ɗaure masu damfarar tsofaffi ta waya. Ba ya karɓar na goro, ko shayin mutum ba ya sha.

Sai dai ba a haife shi Kuramochi ba. Sunan gidansu Tabuchi. Uwarsa, Tabuchi Sumie, ta yi shekara arba'in tana gyaran kifi a kasuwar bakin ruwa, da wannan ta ɗauki nauyin karatunsa bayan mijinta ya rasu.

Da ya zama lauya, sai ya auri Ritsuko, 'yar wani tsohon alƙali da bai samu ɗa namiji ba. Irin waɗannan gidaje ba sa yarda sunansu ya mutu. Sai su mai da surukin ɗansu a takarda, ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki nasu. Sumie da hannunta ta buga hatiminta a takardar, don a nan kowa da hatiminsa, shi ne sa hannunsa.

Ta ce masa, "Je ka, Nao. Sunan Tabuchi ba abin da zai ja maka sai ƙarnin kifi."

Da farko yana zuwa gaishe ta duk wata. Sai abin ya koma ranar sabuwar shekara. Daga baya sai kwalin kyauta da kanti ke kai mata kowane Disamba, shi ma Ritsuko ce ke zaɓa. Ba faɗa suka yi ba. Aiki ne ya yi masa yawa, ita kuma tsohuwar ba ta taɓa buɗe baki ta ce "ka zo" ba.

Ana nan sai masu kantuna suka dami ofishinsa da kuka. Ɓarayinsu na yanzu ba samari ba ne, tsofaffi ne masu sanda. Wannan ya ɗauki sabulu, waccan ta ɗauki ƙullin ganyen shayi. A da, idan an kawo irinsu, lauya kan zaunar da tsoho ya dubi idonsa, ya sa shi ya rubuta takardar ban haƙuri, ya sallame shi.

Kuramochi ya ce wannan sakarci ne. Ya kafa sabuwar ƙa'ida: duk wanda aka kama karo na uku, sai ɗan'uwansa na jini ya zo ya tsaya masa, ya buga hatimi. In babu, a tsare shi har ranar shiga kotu.

Akwai wani tsohon magatakarda a ofishin, Anzai, wanda saura shekara guda ya yi ritaya. Ya tsaya a gaban tebur yana murza hannu.

"Yallaɓai, in yi magana?"

"Ko na hana ka, yi za ka yi."

"Mai ɗa da mai jika ba su ne ke damunmu ba. Wanda ba shi da kowa shi ke shiga kanti ya ɗauki abu, don mai gadi ya riƙe hannunsa ya tambaye shi sunansa. Shi wannan ƙa'ida za ta kama."

Kuramochi ya cire tabarau. "Anzai, shekara talatin kuna ba ɓarayi shayi. Sata ta ragu?"

"Ba ta ragu ba."

"To bari in gwada tawa."

Abin haushin shi ne, tasa ta yi aiki. Cikin wata shida sata a kantuna ta ragu sosai. Aka nuno shi a talabijin yana cewa doka ba ta san furfura ba. Aka fara raɗe-raɗin cewa a watan Afrilu za a ɗaga shi zuwa babban birnin ƙasa.

Sumie ta kalli hirar ita kaɗai a ɗakinta, ta matso kusa da akwatin don ta ga fuskarsa da kyau. Shekarunta saba'in da tara. Kasuwar kifi ta sallame ta tuntuni, ƙawayenta sun mutu ɗaya bayan ɗaya, sai ta kwana uku ba ta ji muryarta ba. Abin da ɗanta bai sani ba shi ne, sau biyu ana kama ta a kantin unguwa, 'yan sanda suna yi mata faɗa suna sakinta.

Ranar wata Laraba a farkon Disamba aka kama ta karo na uku, da lemo biyu da curin shinkafa ɗaya a aljihun rigar sanyi.

Ɗan sandan ya san ta. Ya ce, "Iya, kin sake? Ga kuɗi a jakarki, me ya kai ki?"

"Hannuna ne ya riga hankalina, ɗan nan."

"To yanzu zance ya canza. Ba mu sunan ɗa ko 'ya, ya zo ya buga hatimi, ki koma gidanki."

Ta san idan sunan Kuramochi ya hau wannan takarda, kafin jibi 'yan jarida sun yi watanda da shi. Mai farautar ɓarayi, ga uwarsa ɓarauniya.

Ta ce, "Ba ni da kowa."

"Haba Iya, daga sama kika faɗo? Ko jikan ƙanwa babu?"

"Duk sun riga ni."

Ya duba rajistar unguwa, ya ga Tabuchi Sumie, ita kaɗai a gida. Ya rubuta abin da ta faɗa.

Ranar Juma'a aka kai takardunta ofishin lauyoyi, ita ma aka kawo ta ɗakin jira a ƙasan bene. Tun da ƙa'idar ta fara aiki, Kuramochi ya daina ganin irin waɗannan da idonsa. Ƙananan lauyoyi ne ke yi musu tambayoyi, shi nasa hatimin ƙarshe.

Kun san yadda ake yi a ofisoshin nan. Magatakarda ya jera takardu kamar matakala, kowace ta rufe ta ƙasanta, gefen da ake buga hatimi kawai ke leƙowa. Ana yin haka don a sauƙaƙa wa babba, kuma ana ɗaukarsa ladabi. Ran nan takardu arba'in da ɗaya ne.

Da suka kai ta goma sha bakwai, Anzai ya ɗora yatsa a kai. Bai san ko wace ce ba, tausayi ne kawai.

"Yallaɓai, wannan tsohuwa ce tukuf, kuma tana tari. Lemo biyu ne da shinkafa. Tana ƙasa yanzu haka. Minti biyar, ka gan ta."

"Akwai mai tsaya mata?"

"Babu."

"In na ga ɗaya, sai na ga arba'in. Ɗauke yatsanka."

Ya dangwala hatimi a jar tawada ya buga. Hawa biyu ne tsakaninsa da uwarsa. Ya gama sauran, ya tafi cin abincin rana da shugaban 'yan kasuwa.

Gidan tsare masu jiran shari'a ba wurin tsohuwa ba ne a watan Disamba. Tarin ya sauka ƙirji. A kwana na goma sha biyu ta faɗi wajen ƙirga tsararru da safe, aka kai ta asibiti, aka ajiye mata mai gadi mace a bakin ƙofa.

Ranar Lahadi ta kwana na goma sha tara, Kuramochi da matarsa suna karin kumallo, Ritsuko ta ce, "Af, kanti sun bugo waya. Sau uku suna kai wa Mama kwalinta ba sa samun kowa."

Ya kira, waya ta yi ta ƙara. Ya hau jirgi zuwa tsohuwar unguwarsu. Akwatin wasiƙunta ya cika har yana zuba. Yana ƙwanƙwasa ƙofa sai maƙwabciyarta ta leƙo, tsohuwa Hatanaka, wadda suka yi gyaran kifi tare tun yana goye.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ake nema?"

"Gwaggo, ni ne Naotake. Ina Inna?"

"Innar wa? Sumie ba ta da ɗa. Haka ta gaya wa 'yan sanda, ni kuma ta sa na rantse ba zan ƙaryata ta ba."

"'Yan sanda?"

"A'a, mutumin talabijin bai ji labari ba? Na ɗauki hatimina na je da ƙafar nan tawa mai ciwo, na ce ni zan tsaya mata. Suka ce ni ba jininta ba ce. Wai ƙa'idar wani babban lauya ce, mai cewa doka ba ta san furfura ba." Ta nuna shi da yatsa. "Lemo biyu, Nao. Lemo nawa ka ci a hannun matar nan?"

Ta rufe ƙofarta.

Ya wuce ofis, ya buɗe da makullinsa, ya zaro takardun Juma'ar nan. Ta goma sha bakwai. A sama an rubuta Tabuchi Sumie. A ƙasa ga hatiminsa, ja, a miƙe, ko karkacewa bai yi ba.

Tun da mai laifin uwarsa ce, ba shi da ikon janye ƙarar da hannunsa, sai shugabansa ya sa hannu, shi kuwa sai Litinin. Hanya ɗaya ta rage a ranar: ya je ya tsaya mata a matsayin ɗa.

Ya isa asibiti da la'asar. Mai gadin ta miƙe ta rusuna, don ta san fuskar. Sumie na kwance da robar iska a hanci, ta ƙanƙance har bargon ya fi ta auki.

Ya ce wa mai gadin, "Kawo takardar tsayawa. Ni ɗanta ne."

Matar ta yi turus, sannan ta ciro takarda da biro. "Yallaɓai, ƙa'ida ta ce sai ita ta amsa da bakinta a gabana." Shi ya ƙara wannan sharaɗi da kansa, don kada mutane su riƙa hayar dangin ƙarya.

Ya durƙusa a gefen gado. "Inna, ni ne. Ki ce mata ni ne Nao."

Tsohuwar ta buɗe ido. Ta dube shi, ta dubi biron da ke hannun mai gadi. Ta yunƙura ta sunkuyar da kai iya yadda za ta iya.

"Ranka ya daɗe, ka yi kuskuren ɗaki. Ni ɓarauniya ce, na amsa laifina. Ina neman afuwar hukuma."

"Inna, don Allah! Aikin ya tafi, ba na so. Kalma ɗaya kawai."

"'Yar nan, rubuta. Ban san wannan babban mutum ba."

Tari ya sarƙe ta. Mai gadin ta ruga kiran ma'aikaciyar jinya, ɗakin ya rage su biyu. Sai ya ji hannunta mai kaushi a kumatunsa.

A hankali ta ce, "Ka rame, Nao. Ba sa ba ka abinci ne? Tashi ka tafi kafin a gan ka."

Aka shigo, aka fitar da shi.

Litinin tun kafin a buɗe ofis yana tsaye a ƙofar shugabansa. Ya faɗi komai, bai ɓoye ko ɗaya ba. Aka sa hannu, aka buga hatimai huɗu da ake buƙata, kowane babba da lokacin zuwansa. Takardar sakin ta isa asibiti ƙarfe sha ɗaya da rabi.

Sumie ta cika tun ƙarfe tara da minti arba'in, mai gadi na zaune a bakin ƙofa. Ta mutu tana tsare, kuma a takardar hukuma, wajen da ake rubuta dangi, an rubuta babu.

Darasi: Gyara gari aiki ne mai kyau, amma duk takardar da ta zo hannunka akwai mutum a bayanta, ka duba shi kafin ka yanke hukunci. Wanda girman kai ya hana shi kallon fuskar na ƙasa da shi, wata rana fuskar wani nasa ce zai tsallake. Kuma iyayen da ba sa cewa "ka zo" su suka fi buƙatar ka je. Ku tura wa duk mai riƙe da wani iko, babba ko ƙarami, da duk wanda ya daɗe bai taka ƙofar mahaifiyarsa ba.