Bahon da Ruwan Zafi Bai Wanke Ba

Akwai wata mata a Bukkuyum mai suna Barakatu, sana'arta kunun zaki. Duk unguwarsu da abu biyu aka san ta: kununta da bakinta.

Maganar gaskiya, a kan tsabta ba a kama ƙafarta. Kafin ta jiƙa gero sai ta tafasa ruwa ta bi kayan aikinta da shi ɗaya bayan ɗaya, rariya da muciya da ludayi, har ƙyallen tata. Gorunan roba kuwa tsakuwa take zuba musu da ruwan sabulu ta yi ta girgizawa, sannan ta kife su a rana. Shekara bakwai tana sana'ar, ba wanda ya taɓa cewa kununta ya ɓata masa ciki.

Matsalar ita ce abin ya shiga kanta. In maƙwabciya ta kawo mata abinci, a gabanta za ta ɗaga kwanon ta duba gindinsa.

Sai babbar 'yarta Mansura ta sauke Alƙur'ani. Aka sa walima bayan azahar, kuma yaran Islamiyya kaɗai sun fi ɗari. Tukwanenta ba za su ɗauki kunun ba. Nan ta tuna da wani ƙaton baho baƙi da ƙanenta Haris, mai aikin zinari ta wajen Anka, ya ajiye a gidan.

Ta wanke shi sau uku, ta watsa masa tafasasshen ruwa, ta shanya. Ta haɗa kunun a ciki ya kwana.

Da hantsi Inna Zulai ta shigo taya ta tata. Dattijuwa ce 'yar Yargalma da ta dawo unguwar da zama, ba ta da yawan magana. Suna cikin kwasa kunun ya yi ƙasa, sai ta tsaya cak. Ta sa yatsa ta shafa cikin bahon. Duk ya kakkarce, zane a kan zane, zagaye-zagaye.

"Barakatu, bahon ga ina kis samo shi?"

"Na Haris na. Mi ya faru?"

"Da irin shi aka wankin ƙasar zinari. Dutse na yak karce shi haka. Kar ki ba ɗiyan mutane kunun ga."

Akwai mata uku a tsakar gidan suna yankan albasa, duk suka ɗago. Barakatu ta ji kamar an mare ta a kasuwa.

"Inna, ni za a koya ma wanki? Sau ukku niw wanke shi, da ruwan da ka tafasa."

"Ruwan zahi abu mai rai shika kashewa. Dalmar da ke cikin ƙasar zinari guba ta, ba ta da rai balle ki kashe ta. Cikin zanen ga take maƙalewa, tsamin kunu kuma shi jawo ta."

"To na ji, likita. Ki aje rariyata, na gode."

Inna Zulai ta ajiye. Ta ɗauki mayafinta, sai da ta kai bakin zaure ta juyo.

"In kin tabbata, ki fara ba Fatiha."

Fatiha ita ce autar Barakatu, shekararta uku.

Barakatu ta ci gaba da tata tana mita, amma hannunta ya daina sauri. Ta shiga ɗaki ta kira Haris, wayar ba ta shiga ba. Ta sake kira har sau biyar. Wajen da suke aiki dama ba a cika samun sabis ba.

Ta fito ta zuba sikari ta juya. Kunun ya yi kyau, ƙanshin citta da kanumfari ya cika gidan. Ba launin da ya canja, ba wani wari. Ta ce a ranta, tsohuwa ce kawai da tsoronta.

Aka kira azahar. Daga waje ta fara jin hayaniyar yaran Islamiyya ana shimfiɗa musu tabarmi. Matan gidan suka jero goruna suna jiran ta fara ɗurawa.

A daidai lokacin Fatiha ta rugo da ɗan kofinta ja, ta riƙe zanen uwar.

"Inna, kunu."

Barakatu ta ɗebo da ludayi. Yarinyar ta miƙo kofi da hannu biyu, har tana ɗage. Ludayin yana sama, kofin yana ƙasa, amma hannun Barakatu ya ƙi karkacewa. Ta dubi 'yarta, ta saurari muryoyin da ke waje. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai uwar da ta yi masa wanka ta turo shi.

Ta mayar da kunun cikin baho. Fatiha ta fashe da kuka.

"Kar wadda ta ɗura," ta ce wa matan. "Ba a shan shi."

Ranar Barakatu ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Gidan mai kunu, walimar 'yarta, aka ba yara shinkafa da ruwan sanyi. Ta ji wata tana raɗa cewa yau ina tsabtar da ake mana gori da ita. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rabon abinci, abin da ba a taɓa gani ba.

Ana cikin cin abinci sai ga Inna Zulai da bokiti biyu na zoɓo. Tun da ta fita ta ɗora tukunya a gidanta, ba ta san ma za a buƙata ko ba za a buƙata ba. Ita ce kuma ta hana a zubar da kunun a tsakar gida inda yara ke wasa, ta sa aka haƙa rami a bayan gari.

Da la'asar Haris ya iso a kan babur. Barakatu ta tare shi tun a zaure ta nuna masa bahon.

"Wanga? Shi muka wankin ƙasa da shi, ya kai shekara biyu. Yaya, ba dai abinci kinka sa ciki ba?"

Barakatu ta koma ciki, ta tarar da Inna Zulai zaune da Fatiha a cinya tana ba ta zoɓo a jan kofin nan. Ta durƙusa a gabanta, a gaban matan da suka ga ta yi mata rashin kunya.

"Inna, ki gafarce ni. Ya akai kig gane shi da shafawa kawai?"

Dattijuwar ta goge wa yarinyar baki da gefen mayafinta.

"Cikin irin shi nika dama ma ɗana Sanda koko, shekarar da dalma tab bi garinmu. Ni ma wanke shi nikai tas. Kamar Fatiha yake sadda yar rasu. Kofinai na nan wurina."

Darasi: Komai ƙwarewarka akwai abin da ba ka sani ba, kuma mai yi maka gargaɗi wataƙila da hawayensa ya sayi ilimin. Kada a sa abinci ko abin sha a baho, turmi ko buhun da ya taɓa ƙasar zinari, ko an wanke shi sau goma. Ku tura wa 'yan uwa, musamman iyaye mata, Allah Ya kare mana zuri'a.