Katin Karatun Lantana

To, ku matso ku gyara zama. Labarin nan akwai shari'a a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalai.

A garin Kwarin Gawo an yi wata mata mai ginin tukwane, ana ce mata Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Lantana, wadda sanƙarau ya kama tun tana tatata, ya tafi da jinta. Yarinya ce mai kaifin ido, abin da duk ta gani sau ɗaya ta riƙe shi, amma ko aradu ta faɗi a bayanta ba za ta waiwaya ba. Ita kuwa Tabawa, zaman duniya ya koya mata rashin yarda. Tun da dangin miji suka yi rabon gado suka bar ta da turmi da tabarma, in ka yi mata alheri sai ta juya shi ta ƙwanƙwasa kamar tukunya, ta ji ko da tsaga.

A da babu zaɓi a garin. Makaranta ɗaya ce, ta gwamnati, kowa can yake kai ɗansa, ta yi kyau ko ta lalace. Daga baya masu hali suka buɗe nasu, amma talaka sai dai ya leƙa ta katanga. Sai wata shekara hukuma ta zo da sabon tsari. Maimakon a ba makaranta kuɗi, za a ba kowane yaro kati, iyayensa su kai shi inda suka ga dama, ta gwamnati ko ta kuɗi, makarantar ta kai katin a biya ta. Nan fa gari ya ɗauka. Wasu suka ce dabara ce ta ƙidaya yara don a ɗora haraji. Wasu suka ce so ake a kashe makarantar talakawa a sayar da filin. Tabawa ta ce, "Da walakin, goro a miya. Yaushe aka fara raba alheri ba a roƙa ba?" Ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin rabon ba.

Na farko a labarin shi ne Sallau, ƙanen mijinta, mahauci. Ya tafi wurin rabon ba da saninta ba, aka ce masa kurma ba ta cikin tsarin. Ya tafi hedikwatar ƙaramar hukuma, aka ce ya dawo gobe. Ya riƙa rufe tukubarsa yana sintiri har damina ta faɗi, mutanen unguwa suka daina sayen namansa, suna kiransa ɗan koren hukuma, in ya zo majalisa sai a tashi a bar masa tabarma. Bai fasa ba har ya samo katin. Ya kawo ya ajiye a gabanta ya ce, "Yaya, ga rabon marainiya." Tabawa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ranar rabon gado ina kake?" Ya sa takalminsa ya fita. Ba a jima ba sai ga Sallau a kan sabon babur, wai kansila ya naɗa shi mai wayar da kan unguwa a kan katin. Tabawa ta kaɗa kai ta ce a ranta, ashe da 'yata ya yi tsani.

Duk da haka kati ya riga ya shigo hannu. Ta ɗauke shi ta nufi makarantar gwamnati, don ita ta sani, kuma can ne ba a yi wa talaka kallon raini. Shugabar makarantar, Malama Uwani, ita ce ta biyu. A lokacin yara sun fara zarewa suna komawa makarantun kuɗi, an kuma gargaɗe ta cewa in suka ƙara raguwa za a rufe. Kowane kati a wurinta kamar ruwa ne a bakin mai ƙishi. Ta karɓi na Lantana ta riƙe, ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta mayar. Ta ce, "Maman Lantana, in na karɓa na ci amanarki. Ba ni da malamin da ya iya maganar hannu. Za ta zauna a bayan aji ta yi ta kallon baki har ta girma. Ki kai ta makarantar Alhaji Tukur, ni zan raka ki." Tabawa ta ji abin ya soke ta, ta ɗauka korar su ake yi cikin ladabi. Amma Malama ta yafa mayafinta ta raka su har ƙofar abokin hamayyarta. Shekarar da ta biyo aka rufe makarantar gwamnati, awaki suka gaje azuzuwan. Sai kuma labari ya iso wa Tabawa cewa Malama Uwani ta samu aiki, kuma ba ko'ina ba sai a makarantar Alhaji Tukur. Ta ce, lallai biri ya yi kama da mutum.

Na uku shi ne Alhaji Tukur ɗin, tsohon ɗan kasuwar hatsi da ya gina makaranta a bakin tasha. Sauran masu makarantun kuɗi suna karɓar kati, amma suna zaɓen yara kamar yadda ake zaɓen tumatir, mai tabo a ture shi gefe don kada ya ɓata musu sakamakon jarrabawa. Shi kuwa ya ce, "Baiwar Allah, bar ta a nan." Ya aika birni aka samo malamin maganar hannu, ya sauke shi a gidansa, yana ci da shi daga tukunyarsa, alhali katin yaro ɗaya ba zai riƙe malami ba. Iyaye suka yi masa ca, wai kurma za ta ja 'ya'yansu baya, wasu manya suka kwashe nasu. Ya ce su tafi, yarinya ba inda za ta. Amma da Lantana ta fara zarce masu ji a lissafi, sai baƙi suka fara zuwa daga birni da motoci. Duk baƙon da ya zo, ita ake fitowa da ita gaban allo. Wata rana Tabawa ta kai tukwane tasha, ta ɗaga kai ta ga hoton 'yarta a kan ƙaton allon talla, Alhaji na tsaye a gefe yana murmushi. Daga nan katuna suka yi ta kwarara, har ya ɗora bene. Ta koma gida ranar ba ta iya cin tuwo ba.

Kwanci tashi, Lantana ta gama, ta wuce kwalejin horar da malamai, ta dawo Kwarin Gawo ta buɗe makarantar kurame, irinta ta farko a yankin. Yara daga ƙauyukan da ake ɓoye su a ɗaki suka fara zuwa. Da aka zo rajista, aka ce sai an kawo suna. Ta zauna gaban mahaifiyarta ta yi mata magana da hannu: "Inna, makaranta kamar jariri ce, suna ɗaya ake raɗa mata. Baffa Sallau, ko Malama, ko Alhaji. Ke kika ga abin da ya faru, ni a lokacin yarinya ce. Wanda kika zaɓa shi za a rubuta."

Kafin mako ya zagayo dukansu uku sun zo gaishe da Tabawa, ko da yake ba wanda aka aika wa. Kowannensu ya ce shi don Allah ya yi, ba ya neman komai. Wannan ma ya ƙara mata zargi. Ta zauna ta auna. Ba don Sallau ba, babu kati, ga shi ya sha ƙyamar unguwa, amma ya hau babur. Ba don Malama Uwani ba, da katin ya mutu a bayan aji, ga shi ta rasa makarantarta, amma ta faɗa kan aiki, kuma ba wanda ya san ko tun kafin rakiyar aka yi alkawari. Ba don Alhaji Tukur ba, babu malami babu karatu, ga shi ya yi asarar ɗalibai, amma ya ɗora bene da fuskar marainiya. Ta rasa wanda hannunsa ya fita fes, ta kuma rasa wanda za a cire labarin ya tsaya da ƙafarsa. Zuciyar mutum kuwa ba a buɗe ta a leƙa.

Mai fentin da zai rubuta sunan a allo yana zaune a ƙofar makaranta da gwangwaninsa, Lantana tana kallon bakin mahaifiyarta tana jiran suna.

To, jama'a, ku fitar da Tabawa. Tsakanin wanda ya samo katin, da wadda ta ƙi karɓarsa, da wanda ya karɓa, sunan wa ya cancanci hawa allon nan?