Barmo Mai Haƙar Rijiya da Filin Gamba

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, cewa a zamanin Sarki Jatau na Birnin Dulle akwai wani fili gabas da gari, faɗinsa tafiyar yini guda, wanda garma ba ta taɓa shiga ba. Gamba da kyasuwa da jema ne suka rufe shi, makwarwa na ƙwai a ciki.

Ran nan wani madugu mai suna Tanimu ya zo fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, filin nan a banza yake kwance. A ba ni in nome shi in shuka auduga, gari ya amfana."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi talakawa tukuna."

Sarki ya ce, "A yi shela. Wanda ya san aikin da ciyawar nan ke yi mana, ya zo cikin kwana uku. In ba a samu ba, fili na madugu ne."

Masu jinka suka zo, makiyaya suka zo. Madugu ya ce zai ware musu gefe, suka yarda. A rana ta uku sai ga wani tsoho, Barmo mai haƙar rijiya. Ya durƙusa ya ce, "Zaki, a garin da aka haife ni akwai fili irin wannan. Aka nome shi. Shekara biyu rumbuna suka cika, ana ta murna. A ta uku ruwan sama ya fara tafiya da ƙasa. Kafin ta bakwai kwazazzabo ya raba gari biyu, har ya ci maƙabarta. Mahaifina kullum yana ƙara wa rijiyoyi zurfi, har ya rasu ba su riƙe ruwa ba. Ƙishirwa ce ta kawo mu nan."

Madugu ya ce, "Baba, wannan ai labari ne."

Barmo ya ce, "To, a je a gani."

Sarki ya hau, jama'a suka bi shi. Barmo ya sa aka tona rami a gindin gamba. Aka yi ta haƙa har ramin ya shanye tsayin mutum, ba a kai ƙarshen saiwar ba. Ya ce, "Wuta kan cinye ganyenta da rani, amma ba ta kai nan. Ruwan fari na sauka take tohowa." Sai ya juye tulun ruwa a fako, ruwan ya gangara ja wur. Ya juye wani cikin ciyawa, ya nutse nan take. Ya ce, "Hanyar da rijiyoyinmu ke sha ke nan."

Madugu ya daɗe yana duban ramin, sannan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na janye. Ni ma iyalina a garin nan suke shan ruwa."

Sarki ya ba shi saura a yamma da gari ya noma audugarsa. Barmo kuwa aka sa masa riga, aka ba shi tsaron filin, ba a yanka ba a ƙonawa sai da izninsa.

Masu ruwaya suka ce, kada ka kira abu banza don kawai ba ka ga inda yake aikinsa ba.