Rijiyar da Aka Ajiye wa Jirgi

"Inna, don me ake ce ma nan Tasha, ga shi ko akuya babu?" Haka 'yata Halimatu ta tambaya da ƙarfi cikin kamiyo, babbar motar kaya, muna wuce wani kufai tsakanin Dakoro da Kornaka. Ya 'yan uwa mata, ga amsar, ku ba 'ya'yanku.

An yi wani mutum, falken gyaɗa, a farkon shekarun 'yancin kai. Garinsu ƙarami ne amma ya ji daɗi, saboda rijiya mai zaƙi da ubansa ya gina sadaka. Fulani su shayar, Buzaye su sauke raƙuma, mata su sayar da fura, ranar kasuwa kiɗa har la'asar.

Fatauci ya kai shi Najeriya, ya ga yadda jirgin ƙasa ke shan ruwa ganga-ganga. Ya komo da zance ɗaya: tunda an sami 'yanci jirgi na tafe, kuma inda ruwa yake nan zai tsaya. Ya raɗa wa garin suna Tasha, ya kewaye rijiya da ƙaya.

Da rani wani makiyayi, Agali, ya iso.

"Maigida, guga ɗaya don Allah. Raƙumata na shayarwa."

"Ruwan jirgi ne."

"Ina jirgin?"

"Yana tafe."

"To in ya zo ka gaishe mini da shi."

Agali ya haɗa kai da samarin gari, suka haƙa wata rijiya can gaba. Ranar da ruwa ya ɓullo, guɗa har maƙogwaro ya dushe! Dabbobi suka koma can, kasuwa ta bi su. Gida-gida aka riƙa ɗaukar jinka a ka ana waƙa, yara na tsalle a baya.

Falke kuwa ya zauna shi kaɗai yana sauraron kukan jirgi. Rijiyar da ba a ja, ba a yasa, me zai same ta? Ta rufta. Ran nan ya iso sabon gari da tulu, kai a sunkuye. Agali ne ya cika masa.

Ruwa na Allah ne, mai ƙishin da ke gabanka shi ke da haƙƙi. Allah ya kiyaye mu da rowa, amin. Ke mai karatu, in baƙo ya roƙi ruwa a ƙofarki, kada ki yarda ɗanki ya ji kin ce babu.